Sammoren Doki, da Yadda Ya Kan Hau Ƙwaƙwalwa

Wannan takarda zuwa ga masu dawaki da 'yan barga na ƙasar Batsari da Safana, da Ruma da Runka, da sauran garuruwan gefen dajin Rugu.

Kowa ya san dokin da ya ke cin harawarsa da dusarsa sarai, amma kullum sai ƙara ramewa ya ke yi. Yau jikinsa da zafi, gobe ya yi sanyi, bayan 'yan kwanaki zafin ya komo. In ka buɗe fatar idonsa ka tarar ta yi fari, ƙafafu da ƙarƙashin ciki sun kumbura. Sau da yawa wannan shi ne sammore.

Abin da ke kawo shi wata ƙwayar cuta ce siririya mai wutsiya, wadda ta ke iyo cikin jini, ba a ganinta sai da madubin likita. Wani likitan dabbobi, Griffith Evans, shi ya fara ganin irinta cikin jinin dawaki da raƙuma a ƙasar Hindu cikin 1880. Cikin 1895 kuma David Bruce ya nuna ƙudan tsando ne ke yaɗa 'yar'uwarta a Afirka ta Kudu. Tsando ya fi yawa a kurmin kudu, shi ya sa tun zamanin dā dokin Hausa ba ya daɗewa can. Amma kada mutumin arewa ya saki jiki. Irin da Evans ya gani ba ta bukatar tsando. Bobuwa ta isa. Ta ciji raƙumi mai cutar, a kore ta, nan da nan ta sauka kan doki da jini a bakinta, shi ke nan.

To, ga abin da ke faruwa cikin jiki. Allah ya sa wa jini waɗansu fararen ƙwayoyi, aikinsu kamar na dogarai ne. In baƙuwar cuta ta shigo su kan duba rigarta, su haɗa makamin da ya dace da wannan riga, su karkashe ta. Sa'an nan zazzaɓi ya sauka, mai doki ya ce ya sami sauƙi. Ashe kaɗan daga cikin ƙwayoyin sun tuɓe rigar sun sa wata dabam. Kafin dogarai su gane sabuwar, sun hayayyafa, zazzaɓi ya komo. Haka za a yi ta yi wata da watanni. Cikin wannan faɗa jiki ya kan hallaka har jajayen ƙwayoyin jininsa a saifa, watau dalilin farin ido ke nan. Sabo da wannan canjin riga ne kuma har yanzu ba a sami allurar rigakafin sammore ba.

Ƙwaƙwalwa da laka suna da ganuwa tasu. Bangon jijiyoyin jinin da ke cikinsu a matse ya ke ƙwarai, ba ya barin kome ya wuce sai abincin da su ke bukata. In cuta ta daɗe, ƙwayoyin su kan ƙetare ganuwar nan, dogarai su bi su ciki. Likitocin da su ka yanka kan dawakin da su ka mutu da wannan ciwo, a Gambiya da Brazil, sun tarar fararen ƙwayoyi sun taru sun kewaye jijiyoyin jini kamar awarwaro a hannu, ruwa kuma ya kwanta cikin naman ƙwaƙwalwa. Wani lokaci ƙwayoyin cutar da a ke samu a wurin ba su da yawa. Ɓarnar da yawa daga faɗan ne, kamar yaƙin da a ka yi cikin gonar gero. Ƙafa in ta kumbura tana da wurin buɗawa. Ƙwaƙwalwa kuwa tana cikin ƙoƙon kai, ba ta da inda za ta, sai ta danne kanta.

Daga nan alamu su kan sake. Doki ya riƙa tangaɗi, ƙafafun baya suna harɗewa, yana jan kofato a ƙasa. Wani ya yi ta kewaya gefe guda, wani ya jingina goshi ga bango, wani ya makance. Ƙarshe ya kwanta ya kasa tashi. Mutane su kan ce iska ce ko sammu, su yi masa lalas a gindi. Wuta ba ta isa wurin da ciwon ya ke, azaba kawai a ka ƙara masa.

Abin baƙin ciki, ganuwar da ta kasa tsare cuta tana tsare yawancin magani. Allura irin su Samorin da Berenil suna aiki cikin jini, amma kaɗan ke shiga ƙwaƙwalwa. Sai jini ya wanke, doki ya yi ƙiba, daga baya waɗanda su ka ɓuya a kai su fito. Dokin da ya fara tangaɗi da wuya ya warke. Sabo da haka ranar neman magani ita ce ranar zazzaɓin farko.

In ka ga alamun nan, kira malamin dabbobi tun jikin dokin yana da zafi, gama a lokacin ne ƙwayoyin su ke da yawa, su ganu cikin ɗigon jini. Kada ka sayo allura a kasuwa ka yi masa da awon shanu. Berenil musamman doki ba ya jimre masa kamar saniya, ya kan kashe shi. Kada a soki dabba biyu da allura ɗaya ba a dafa ta ba.

Da damina da kaka, sa'ad da bobuwa ta yi yawa a fadama, a kafa turke nesa da raƙuman da su ke saukowa ta Jibiya da shanun da su ka komo daga kudu. A kai doki ruwa da sassafe, gama bobuwa da rana tsaka ta fi cizo. A yi hayaƙi a barga. Dokin da a ka sayo daga nesa a ɗaure shi dabam, a duba jininsa tukuna kafin ya shiga cikin sauran.