Kumburin Muƙamuƙi Mai Tafiya Yana Dawowa: Me Hoton Siti Yake Nunawa?

A wannan fitowa, Filin Lafiya zai yi bayani a kan wani ciwo da mutane da yawa suke ɗauka hangum ne. Mutum zai zauna cin tuwo, kafin ya kai loma ta uku sai ƙasan muƙamuƙinsa ko gaban kunnensa ya kumbura, ya riƙa zogi. Bayan awa ɗaya ko biyu kumburin ya saɓe, bayan kwanaki ko watanni kuma ya dawo. Hangum yawanci sau ɗaya yake kama mutum a rayuwarsa. Saboda haka kumburin da ke tafiya yana dawowa yana da wani dalili daban, kuma don gano dalilin ne likita yakan tura mutum ya yi hoton Siti, wanda ake rubutawa CT a takardar asibiti.

Daga ina yawu yake fitowa?

Kowane mutum yana da manyan maɓuɓɓugan yawu guda 6, uku a dama uku a hagu. Mafi girma tana gaban kunne, ta biyu tana ƙarƙashin muƙamuƙi, ƙaramar kuma tana ƙarƙashin harshe. A rana ɗaya sukan fitar da yawu tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi. Yawun yana bin siririyar hanya ya zubo cikin baki.

Idan hanyar ta toshe, abin da ke faruwa daidai yake da abin da mai noman rani ya sani: in aka tare magudana, ruwa sai ya taru a baya. Lokacin cin abinci ne jiki ya fi sako yawu, shi ya sa kumburin ya fi tashi a lokacin. Yawun da ya daɗe a tsaye kuma yakan zama gidan ƙwayoyin cuta, daga nan sai zazzaɓi da mugunya.

Abin da ya fi toshe hanyar shi ne tsakuwa, wadda ke haɗuwa daga gishirin da ke cikin yawun kansa. Kimanin 8 cikin 10 na irin wannan tsakuwa a maɓuɓɓugar ƙarƙashin muƙamuƙi ake samunta, domin yawunta ya fi kauri, hanyarta kuma doguwa ce, kusan santimita 5, tana kuma hawa sama ne kafin ta kai baki. Ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara wa yawu kauri. Wannan ya shafe mu ƙwarai a Mairuwa da sauran ƙasar Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, inda mutum kan wuni yana sharar gona a zafin bazara, ko yana kamun kifi a madatsar ruwa, ba tare da ya sha isasshen ruwa ba. Wasu magunguna ma suna busar da baki, kamar masu sa yawan fitsari da ake ba masu hawan jini, da wasu magungunan mura.

Mene ne hoton Siti?

Na'ura ce mai kama da babban zobe. Mutum yana kwanciya a kan gado, gadon ya shiga cikin zoben, na'urar ta ɗauki hoton wuya da fuska yanka-yanka, kamar yadda ake yanka burodi, kwamfuta kuma ta haɗa su. Ba ya ciwo, kuma ɗaukar hoton 'yan mintoci ne. Wani injiniya ɗan Ingila, Godfrey Hounsfield, shi ya ƙera na'urar, aka fara gwada ta a kan majiyyaci a Landan a 1971.

Wani lokaci akan yi wa mutum allurar wani ruwa a jijiya don sassan jiki su fito sosai a hoton. Kafin allurar, a gaya wa ma'aikata idan akwai ciwon ƙoda, ko ciwon suga, ko an taɓa samun matsala da irin wannan allura. Mace mai ciki, ko wadda take zaton tana da shi, ta faɗa tun kafin ta hau gadon.

Abubuwan da takardar sakamako kan faɗa

Likitan hoto yana rubuta sakamakon da Turanci, kuma kalmomin kan tsoratar da mai karatu. Amma yawanci maganar ba ta wuce ɗaya daga cikin waɗannan ba:

1. Tsakuwa. Tana fitowa fara fat a hoton. Takardar za ta faɗi girmanta da milimita da kuma inda ta tsaya. Ƙaramar tsakuwa, wadda ba ta kai milimita 5 ba kuma tana kusa da baki, takan fita da kanta, ko likita ya cire ta ta cikin baki. Babba wadda ta maƙale can ciki takan bukaci tiyata, wani lokaci har a cire maɓuɓɓugar gaba ɗaya. Cire guda ɗaya ba ya busar da baki, sauran sun isa.

2. Faɗaɗar hanyar yawu ba tare da tsakuwa ba. Wannan yana nuna akwai inda hanyar ta tsuke, sau da yawa saboda tabon ciwon baya, ko kuma tsakuwar ta riga ta fita.

3. Sabon kumburi. Maɓuɓɓugar ta fi ta ɗaya gefen girma, kitsen da ke kewaye da ita ya yi dishi-dishi. Maganinsa yawanci shan ruwa, gashi da ruwan ɗumi, da maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda likita ya rubuta.

4. Taruwar mugunya. Takan fito kamar baƙin rami mai farin baki. Ƙwayar magani kaɗai ba kasafai take isa ba, sai an zuƙe ko an buɗe a asibiti.

5. Tsohon ciwo. Bayan kumburi ya maimaitu shekara da shekaru, maɓuɓɓugar takan tsuke ta yi tauri, ta daina aiki sosai.

6. Ƙananan jakunkunan ruwa a gaban kunnuwa biyu. Idan aka ga haka, likita zai nemi a yi gwajin jini, har da na cuta mai karya garkuwar jiki, domin tana cikin abubuwan da ke kawo shi. Kada a guje wa gwajin. Maganin cutar yakan sa kumburin ya ragu.

7. Ƙari. Mafi yawan ƙarin da ke fitowa a gaban kunne ba daji ba ne. Amma hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an tsotsi ɗan kaɗan da allura an duba a ɗakin gwaji.

8. Kaluluwa. Wani lokaci maɓuɓɓugar lafiyarta lau, kaluluwar da ke kusa da ita ce ta kumbura, saboda ruɓaɓɓen haƙori, ciwon maƙogwaro ko tarin fuka.

Idan takardar ta ce ba a ga komai ba, wannan ba ya nufin mutum ƙarya yake yi. Mai yiwuwa an ɗauki hoton lokacin da kumburin ya saɓe, ko ƙarfen da aka cike haƙori da shi ya kare wurin. A koma wa likitan da ya aika, zai fi kyau a ranar da kumburin ya tashi.

Kafin a kashe kuɗin mota

Hoton Siti yana da tsada, kuma ba kowane asibiti ke da na'urar ba. Daga yankinmu akan fara da Babban Asibitin Funtua. Idan ana bukatar ƙwararrun kunne, hanci da maƙogwaro, ko likitocin muƙamuƙi, akan tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Malam Aminu Kano. A tafi da takardar likita, kuma a bincika ta waya ko na'urar tana aiki kafin a kama hanya.

Ba kowane kumburi ne ke bukatar Siti ba. Sikanin irin wanda ake yi wa masu ciki ya fi araha, ba shi da tururin da hoton Siti yake da shi, kuma yana nuna tsakuwa da mugunya da yawa. Shi aka fi so ga yara. Akwai yaran da gaban kunnensu kan kumbura akai-akai tun suna shekara 3 zuwa 6, kuma yawancinsu sukan rabu da shi idan sun balaga. Wanda ya riga ya yi Siti ya adana hoton ko faifan tare da takardar, don kada a sa shi ya sake biya.

A gaban likita, a yi tambaya huɗu: Me aka gani? A ina yake? Magani zai isa ko sai aiki? Yaushe zan dawo?

Abin yi da abin gudu

A yawaita shan ruwa, musamman da bazara. A riƙa wanke baki da asuwaki ko buroshi safe da dare. Idan kumburi ya tashi, a gasa da tsumma mai ɗumi, a murza a hankali daga baya zuwa wajen baki. Tsotson lemun tsami ko tsamiya yana sa yawu ya gudana, sai dai a bari idan zafi ya ƙaru.

Kada a yarda a yi sakiya ko tsaga a wurin. Jijiyar da ke motsa fuska ta cikin maɓuɓɓugar gaban kunne ta ratsa. Idan aska ta taɓa ta, baki na iya karkacewa, ido ya ƙi rufuwa, kuma ba lallai ya gyaru ba. Raunin ma kan zama kafar da yawu zai riƙa tsiyaya ta kunci.

A garzaya asibiti ba tare da jiran gobe ba idan akwai zazzaɓi mai zafi, ko kumburin ya sauka wuya ko ya ɗaga harshe, ko haɗiya da numfashi sun yi wuya. Haka nan ƙullutun da ya yi tauri, yana girma ba ya saɓewa, ko gefen fuska ya saki, kada a bari ya yi makonni a gida. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya karatu ba.