Daga Ƙwaya Ɗaya Zuwa Dubbai

A darasin kimiyya mun koyi cewa kowanenmu ya faro ne daga ƙwayar halitta guda ɗaya tak. To, yaya ƙwaya ɗaya take zama jiki alhali ba ta ganin zanen ginin?

A shekarar 1968 wani masanin tsirrai haifaffen Hangari, Aristid Lindenmayer, ya fito da hanyar kwaikwayon girman gansakuka da haruffa. Mu ma muna iya gwadawa a kan allo. Bari A ta zama babbar ƙwaya, B kuma ƙarama. Doka biyu ce kawai: kowace A ta rabu ta zama AB, kowace B ta girma ta zama A. Sai mu sami A, AB, ABA, ABAAB, ABAABABA. A zagaye na 20 ƙwayoyin sun kai 17,711!

Idan aka ƙara alamomin juyawa da na tsiro da reshe, sai kwamfuta ta zana bishiya da rassanta. Ba wata ƙwaya da ta san siffar bishiyar. Kowace dokarta take bi. Wannan kuwa kwaikwayo ne kurum. Ina ga hikimar Mahalicci a jikinmu?