Shirin Tafiya da Hukuncinsa In Ya Warware

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ƴan'uwa Musulmi, an tambaye mu game da mutum biyu. Ɗaya ba ya barin gida sai ya tsara kome. Ɗayan kuwa da ya ji mota za ta tashi sai ya hau, yana cewa Allah na nan. Wane ne ya fi dacewa da Sunna? Kuma mene ne abin yi in shiri ya warware?

Mu duba Hijira. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne mafi dogaro ga Ubangiji, amma bai fita daga Makka da ka ba. Sayyidina Abubakar ya tanadi raƙuma biyu tun da wuri. An ɗauki ɗan jagora masanin hanya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ. Madina na arewa, amma suka fara nufar kudu, suka ɓuya kwana 3 a kogon Saur. Asma'u ta shirya guzuri, ɗan'uwanta Abdullahi yana kawo labarin Ƙuraishawa, Amiru ɗan Fuhaira yana bi da tumaki suna shafe sawu. Ashe tanadi ba ya rage tawakkali, cika shi yake yi.

Sai dai shiri ba ya ɗaure ƙaddara. A shekara ta 6 bayan Hijira, Annabi ya fita Umra da sahabbai kamar 1400, da haraminsu da dabbobin hadaya, Ƙuraishawa suka tare su a Hudaibiyya. Bai kutsa da ƙarfi ba. Aka ƙulla sulhu na shekara 10, aka yanka hadaya, aka yi aski, aka koma Madina ba a ga Ka'aba ba. Abin ya yi wa sahabbai nauyi ƙwarai, amma a hanyar komawa Suratul Fathi ta sauka. Shekara ta 7 suka yi Umrarsu, ta 8 kuma, cikin Ramadan, aka buɗe Makka da mutum 10,000.

Shari'a kanta ta rataya rangwamen matafiyi ga niyya da sanin inda aka nufa. A Risala, tafiyar ƙasaru mil 48 ce, wajen kilomita 80. Mai barin Maraɗi zuwa Damagaram ya samu rangwame. Mai zuwa Tibiri bai samu ba. Wanda ya fita yawo bai san inda zai tsaya ba, ko mai neman dabbar da ta ɓace, ba ya ƙasaru ko da ya yi nisa, sai in ya tabbata tun farko zai cika wannan tazara.

Ga kuma inda mutane da yawa ke tuntuɓe a wannan wata. A mazhabar Imamu Malik, ba a ajiye azumi don tafiya sai an bar gari kafin alfijir. Wanda ya yanki tikiti zuwa Yamai, ya kwana a tasha, alfijir ya keto mota ba ta tashi ba, mazaunin gida ne, azumin ranar ya hau kansa. In ya kwana da niyyar ci don kawai yana sa ran tafiya, zai rama, kuma yana iya faɗawa cikin kaffara, wato ciyar da miskinai 60 ko azumin wata biyu a jere. Saboda haka mu kwana da niyyar azumi muddin muna cikin gari. Amma wanda motarsa ta lalace a Ƙonni, yana jiran gyara yau ko gobe, matafiyi ne har yanzu. Yana ƙasaru matuƙar bai yi niyyar zaman kwana 4 ba.

Nasiharmu ta fi ƙarfi ga samari masu ci-rani. Sau da yawa wanda ya yi musu alkawarin aiki yakan saɓa, sai kunyar komawa gida ta sa su hau kowace mota mai zuwa Agadas ko wuraren haƙar zinariya, ba guzuri, ba izinin iyaye, ba hatsin da aka bar wa iyali. Wannan ba tawakkali ba ne, gaggawa ce, kuma hamada ba ta yafe wa mai gaggawa. Komawa gida ba abin kunya ba ne, tunda mafificin halitta ya koma daga Hudaibiyya.

Tafiyar ba-zata tana da muhallinta: rashin lafiyar mahaifi, jana'iza, ceton wanda ke cikin haɗari. A nan ba a jira. In ba haka ba, duk wanda shirinsa ya warware ya zauna ya sake shawara, ya yi istihara, ya biya bashi ko ya rubuta shi, ya bar wa iyali abin da zai ishe su, ya nemi abokin tafiya na kirki, sa'an nan ya fita.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya maido su lafiya, ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Amin.