Me Ya Sa Hoto Ke Lalacewa Bayan An Fitar da Bidiyo?

A Saga, unguwar nan ta bakin kogi da ke kan hanyar Kollo a Yamai, biki ko suna ba ya cika sai an haɗa bidiyo, kuma sau da yawa da hotunan amarya da dangi ake buɗe shi. A nan masu montaj ke shan kunya: hoto ya fito tsaf a allon aiki, amma da an fitar da bidiyon sai fuskar amarya ta baje, ko aikin babbar rigar ango ya kama rawa. Wani ya ɗora wa kwamfuta laifi, wani ya ce manhajar ce ba ta da kyau. Galibi kuwa awo uku ne suka saɓa wa juna: na hoton, na filin aikin, da na fitarwa.

A fara duba siffa. Yawancin wayoyi suna ɗaukar hoto a kan awon 4:3, manyan kyamarori a kan 3:2, shi kuwa bidiyon zamani 16:9 ne, wato ɗigo 1920 a faɗi, 1080 a tsawo. In aka tilasta wa hoton 4:3 ya cika wannan allo, faɗinsa zai ƙaru da kashi ɗaya cikin uku, siriri ya koma ƙato. Tela ba ya jan yadi don ya kai. Ko ya yanka, ko ya yi ƙari. Haka ma a nan: a kulle awon hoton, sannan a datse samansa da ƙasansa, ko a cike gefensa da wani bango. Bidiyon da za a ɗora a TikTok ko a matsayin WhatsApp a tsaye yake, 9:16, don haka tun farko za a buɗe filin aikin a kan wannan awo.

Akwai kuma gadon zamanin kaset da faifan DVD. A ƙasashen da talabijin ke nuna hoto 25 a daƙiƙa, irin su Nijar da Najeriya, awon wancan zamani 720 da 576 ne, kuma ɗigonsa ba murabba'i ba ne, faɗinsa ya ɗara tsawonsa. Ɗigon hoton waya kuwa murabba'i ne. Wanda ya buɗe aiki a Premiere Pro ko Vegas da tsohon saiti, ko ya bar manhaja ta yi wa hotonsa mummunar fahimta, zai ga zobe ya koma siffar ƙwai. Maganin shi ne a tabbatar awon ɗigo yana kan 1.0 a wuraren nan uku.

Rawar layuka ma daga can ta samo asali. Tsohon talabijin yana raba kowane hoto gida biyu, ya nuna layuka na mara, sannan na cika, sau 50 a daƙiƙa. Siririn layin da ya faɗa gida ɗaya sai ya riƙa ɓacewa yana dawowa, shi ya sa zanen shadda da ƙananan rubutun katin gayyata ke karkarwa. Bidiyon waya da intanet ba ya buƙatar wannan rabo. A zaɓi saitin da ke fitar da hoto cikakke.

Dushewa kuwa iri biyu ce. Hoton da aka turo ta WhatsApp an riga an matse shi, in aka ƙara jawo shi kusa sai ya farfashe. A roƙi masu biki su turo shi a matsayin fayil, ko a kwafa kai tsaye daga wayar. Na biyu, rowar nauyi wajen fitarwa. Hoto mai tarin ƙananan abubuwa, kamar gonakin shinkafar Saga da ganyensu sirara, shi ne ke fara dagulewa. YouTube na ba da shawarar megabit 8 a daƙiƙa ga bidiyon 1080 na yau da kullum.

Kada a yarda da ƙaramin allon manhaja, domin sau da yawa rage ingancin hoto yake yi don aiki ya yi sauri. Kafin a fitar da bidiyon awa guda, a fitar da daƙiƙa goma na wurin da ake shakka, a kalla a waya da talabijin. In matsalar na nan, a sauya saiti ɗaya tak a sake gwadawa, don a gane wanda ya jawo ta.