Jingar Intanet da Tabon Gidan Yari: Nazari Daga Tudun Wada ta Sakkwato

A Sakkwato, kafin a ɗauki mutum aiki sai an ga wanda zai tsaya masa. Ko jiran shagon POS ne, ko tuƙa kabu-kabun wani, mai dukiya zai ce a kawo garanto, kuma ya fi son dattijon da aka sani ko ma'aikacin gwamnati mai albashi. Takardar makaranta daga baya take zuwa. Wannan tsari yana da amfaninsa, domin shi ke sa a ba yaro amanar miliyoyi ba tare da an rubuta komai ba. Amma ga wanda aka kora daga aiki bisa wani laifi, ya shiga gidan yari ya fito, nan ne ƙofar farko take rufewa. A unguwa irin Tudun Wada, cikin ƙaramar hukumar Sakkwato ta Kudu, inda gidaje suke manne da juna kuma majalisa ɗaya ta ishi labari ya zaga gari, ba sai an buɗe fayil ba. Mai unguwa ya sani, liman ya sani, mai shayi ya sani, hatta gidan da zai je neman aure sun sani.

Daga irin wannan ƙunci ne wasu masu ɗan ilmin kwamfuta suke juyawa zuwa abin da zan kira jingar intanet. Bahaushe ya daɗe da sanin jinga: a yi ciniki a kan aiki guda, ka gama, a biya ka, kowa ya kama gabansa. Abin da ya sauya shi ne mai gonar yana iya kasancewa a Legas ko Landan, gonar kuma tsara fosta ce, ko haɗa bidiyo, ko gina shafin intanet, ko fassara, ko mayar da magana rubutu. Dandalin Upwork da Fiverr su ne kasuwannin da aka fi ambata, amma aiki mai yawa ta WhatsApp da Facebook yake shigowa.

Dalili na farko na wannan juyawa yana cikin doka. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya sun hana ɗaukar wanda kotu ta taɓa samu da laifi, ko wanda aka taɓa kora, sai da amincewa ta musamman daga hukumar da ke ɗaukar ma'aikata. Bankuna da manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji kan nemi takardar shaidar hali daga 'yan sanda. To a Sakkwato, idan ka cire gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da asibitin koyarwarta, da kwalejin fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da kamfanin siminti na Kalambaina, da bankuna, masu biyan albashin wata kaɗan ne suka rage. A jihar da ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 2022 ta nuna kusan mutum tara cikin goma suna cikin talauci ta fuskoki da dama, mai tsabtataccen suna ma layi yake bi, balle mai tabo.

Akwai wani zalunci a cikin lamarin da ba a cika faɗa ba. Kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi. Mutum na iya shafe shekara biyu ko uku a ciki, daga ƙarshe a sallame shi ba tare da an same shi da laifi ba. A wurin doka ba shi da tabo. A wurin unguwa kuwa "ai ya yi zaman gidan kaso", kuma aikinsa tuni an ba wani.

Dalili na biyu darajar naira ce. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura 1,500. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ke nan a wancan farashi jingar dala hamsin, wadda ga mai bayarwa a Amurka kuɗin cin abincin dare ne, ta zarce albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya sa matashi ya sayar da babur ya sayi tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka.

Sai kuma harshen Hausa kansa. Tun da Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara a ƙarshen 2013, kuma kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka shiga farautar rubutu da murya a harsunan Afirka, Hausa ta zama haja. Wanda ya iya rubuta ta da ƙa'ida, yana bambanta ƙ da k, yana kuma jin Turanci, yana da abin sayarwa da ɗan Indiya ko ɗan Filifin ba zai yi gasa da shi a kai ba. Abin dariya ne yadda darasin da ɗalibai suka fi rainawa a sakandare ya koma mai kawo dala.

Babban abin da ke jan mai tabo, duk da haka, shi ne ba a tambayarsa. Dandalin zai nemi katin shaida da hoton fuska, ya tabbatar kai ne kai, amma mai neman a gyara masa bidiyo ba ruwansa da inda ka kwana a shekarar 2021. Sabon littafi ake buɗe maka, kuma taurarin da masu ba da aiki suke danna maka su ne garanton. Ga mutumin da ya saba a kalle shi a kawar da kai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya sami abin kai wa gida, ya sami dalilin tashi da asuba, ya kuma rage zaman majalisar da ta kai shi ga halaka tun farko.

Sai dai an gudu ba a tsira ba. Dandalin da bai tambayi tarihinsa ba yana tuhumar ƙasarsa. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma 'yan damfarar intanet sun daɗe da ɓata garin Najeriya a idon duniya. An shafe shekaru da dama a baya PayPal yana barin ɗan Najeriya ya tura kuɗi amma ba ya barinsa ya karɓa, shi ya sa 'yan jinga suka koma Payoneer da wasu manhajoji na cikin gida masu ba da asusun dala. Wasu masu ba da aiki da sun ga tutar Najeriya a jikin suna sai su wuce. A watan Maris na 2024 dandalin Remotasks, inda dubban 'yan Afirka suke aikin tantance bayanai don horar da na'urori, ya rufe ƙofarsa ga Najeriya da Kenya da Pakistan kusan dare ɗaya. Ba sallama, ba kuɗin barin aiki, ba kotun ma'aikata da za a je. Mutumin da ya tsere wa tabon kansa ya wayi gari yana ɗauke da na ƙasa baki ɗaya.

A nan ne haɗarin da na fi jin tsoro yake. Saboda wannan wariya, an sami kasuwar bayan fage ta hayar asusu: ka biya wani da ke zaune a Turai ko Amurka ya ba ka sunansa da asusunsa, ka ɓoye inda kake da manhajar sauya adireshi, ka yi aikin, ya karɓi kuɗin ya cire kasonsa. Masu yi suna cewa ai gumi ne, ba sata ba. Gumin gaskiya ne, amma sunan ƙarya ne. Ranar da dandalin ya gano, asusun da kuɗin ciki sun tafi. Ranar da mai asusun ya ga dama ya riƙe kuɗin, babu inda za a kai ƙara. Kuma yin shigar burtu da sunan wani a intanet yana cikin abin da dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta. Hukumar EFCC tana da ofishin shiyya a Sakkwato. Wanda bai taɓa laifi ba wataƙila a tausaya masa. Wanda yake da tsohon hukunci a wuyansa alƙali zai gani a rubuce. Tsakanin hayar asusu da ainihin damfara kuwa taki ɗaya ne, kuma sau da yawa masu koyar da na farkon su ne masu koyar da na biyun.

Unguwa ma ba ta sauƙaƙa masa. Matashin da aka san ya yi zaman gidan yari, ba ya fita da safe, yana kwana a gaban kwamfuta saboda daren Sakkwato ne ranar masu ba shi aiki, sannan a gan shi da sabuwar waya: hukuncin majalisa ɗaya ne, ɗan Yahoo ne. Ba zai iya nuna shago ba, ba zai iya nuna ubangida ba. Uwarsa ma da ƙyar zai iya yi mata bayanin wanda yake biyansa.

Ga kuma tsadar aikin, wadda masu tallar "koyi sana'ar intanet cikin mako biyu" ba sa lissafawa. Wutar da Kaduna Electric ke rabawa jihohin Kaduna da Kebbi da Zamfara da Sakkwato ba abin dogaro ba ce ga mai wa'adin awa shida. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, janareta ya fi ƙarfin ƙaramin ɗan jinga, sola da batir kuma jari ne na dubban ɗaruruwa. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, tsohuwar kwamfuta kan kashe kanta da rana tsaka. A farkon 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Fiverr kuma yana cire kashi 20 cikin ɗari na kowace jinga kafin banki ya ciri nasa. Sannan ƙirƙirarriyar basirar da ta samar da aikin Hausa ita ce ke cinye ƙananan ayyukan zane da rubutu da mafari ke fara koyon tafiya da su.

Idan aka auna, ina ganin jingar ƙasar waje tana ɓoye mutum ne kawai, jingar cikin gida ce ke gyara masa suna. Fostar ɗan takarar kansila, katin ɗaurin aure, rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, tallar atamfa da turare ga matan da ke kasuwanci daga cikin gida, tsara jarrabawar makarantar Islamiyya: kuɗinsu kaɗan ne, ana kuma jan biya. Amma mai ba da aikin ya san wanda ya ba, ya san abin da ya faru, ya kuma ga an cika alkawari. Bayan shekara ɗaya ko biyu irin waɗannan mutane ne za su iya tsaya masa. Taurari biyar daga wani Bature a Kanada ba za su raka shi neman aure ba. Wanda ya haɗa biyun, dalar waje tana ciyar da shi, aikin gida yana wanke shi, shi ne ya fi tsayawa da ƙafafunsa.

Ta fuskar hukuma, akwai abubuwa a takarda. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta sauya sunan gidajen yari zuwa gidajen gyaran hali, ta wajabta koyar da ilmi da sana'a, ta kuma tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya nuna ya gyaru, tare da hana nuna masa bambanci saboda zaman da ya yi. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa tana koyar da fursunoni kyauta a wurare irin Kuje da Kirikiri. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar gidajen gyaran hali, wato gwamnatin Sakkwato ba za ta ce abin na Abuja ne kaɗai ba. Shirin 3MTT na ma'aikatar sadarwa yana horar da matasa fasahar zamani a duk jihohi. Amma sana'o'in da aka fi koyarwa a bayan katanga har yanzu su ne ɗinki da kafinta da walda. A gidan yarin San Quentin na Amurka, wani shiri mai suna The Last Mile ya fara koya wa fursunoni rubuta manhaja tun 2014 a kan kwamfutocin da ba a jona da intanet ba, wato matsalar tsaro tana da magani. Ingila kuma tun 1974 take da dokar da ke ba mai ƙaramin hukunci damar daina ambatarsa bayan wasu shekaru. A Najeriya kuwa hanyar da aka sani ita ce afuwar gwamna ko shugaban ƙasa, kuma ba kowa ke da mai kai sunansa can ba.

Kafin duk wannan, akwai wata ƙaramar matsala da ke tare mutum tun ranar da ya fito. Layin wayar da ya daɗe a kashe, kamfani kan karɓe shi ya sayar wa wani. Da wannan lambar aka yi masa BVN, da ita aka haɗa NIN, can ne kuma banki zai tura lambar sirri. Asusunsa ya yi barci, katin cirar kuɗinsa ya ƙare. Kafin ya karɓi jingarsa ta farko sai ya yi makonni tsakanin banki da ofishin katin ɗan ƙasa da na kamfanin waya, kuma a kowane teburi akwai yiwuwar a ɗaga kai a tambaye shi, "Malam, ina ka shiga duk tsawon wannan lokaci?"