Jirgin Yavari da tsohon injinsa

A ƙasar Feru ta Amurka ta Kudu akwai wani babban tabki da ake kira Titikaka, yana shimfiɗe bisa duwatsun Andes, tsayinsa daga bakin teku ya zarce mita 3800. A gaɓar wannan tabki, a garin Puno, wata Baturiyar Ingila mai suna Meriel Larken ta iske wani tsohon jirgin ƙarfe cikin shekarar 1982, an yasar da shi, tsatsa ta lulluɓe shi. Da fari ta zaci ƙirar ma'aikatar Alfred Yarrow ce, wanda ita tattaɓa-kunnensa ce. Bincike ya nuna ba haka ba ne, amma wannan bai sa ta juya wa jirgin baya ba.

Ga abin da takardu suka tabbatar. Gwamnatin Feru ce ta sa aka ƙera mata jirage biyu a Ingila, Yavari da Yapura, aka gama su a 1862. Aka ɗauro su gunduwa-gunduwa har 2766, aka sauke a tashar teku ta Arika, jirgin ƙasa ya kai su Takna, daga nan sai bayan alfadarai da kafaɗun mutane. Hawan duwatsun ya ci shekara shida. Sai ran 25 ga Disamba 1870 aka tura Yavari cikin ruwa.

To, masu karatu, a nan ne wanda bai yi bincike ba zai ruɗe. Gangar jirgin ta 1862 ce, amma injin da ke cikinta ba tsaranta ba ne. Na farin injin tururi ne mai ƙarfin doki 60, kuma da yake itace da gawayi sun yi wuya a kan waɗannan duwatsu, da busasshen kashin lama ake hura masa wuta. Lama ƴar uwar raƙumi ce, sai dai ba ta da tozo. Matan karkararmu da ke girki da kashin shanu ba za su yi mamakin wannan dabara ba. Daga baya aka ƙara wa jirgin tsawo, a 1914 kuma aka cire injin tururi, aka ɗora masa ƙirar Bolinder ta ƙasar Suwed, mai silinda huɗu da ƙarfin doki 320. Shi ne aka tarar a ciki.

Wannan inji ba irin na mota mai shan isansi ba ne, domin ba ya da buji. Ba kuma dizal sosai ba ne, domin ba ya matse iska har ta kunna mai da kanta. A kan kowace silinda akwai wani ƙoƙon ƙarfe da ake gasawa da fitila mai feshin wuta har ya yi zafi jau. Idan aka fesa mai ya faɗa kan ƙarfen nan sai ya kama, sa'an nan a tunkuɗa injin da matsattsiyar iska ya fara juyawa. Da ya kama aiki, zafin kansa ya ishe shi, sai a kashe fitilun. A hankali yake tafiya, ba ya tsanantawa wajen zaɓen mai, shi ya sa irinsa ke daɗewa. Makanisiyen da bai san wannan ba zai wuni yana neman lahani inda babu shi, alhali wuta kawai injin ke jira.

Masanan Lloyd's da aka kira sun duba gangar suka iske ƙarfenta na da sauran ƙarfi, don ruwan tabkin ba na gishiri ba ne kamar na teku. Aka sayi jirgin daga hannun sojan ruwan Feru a 1987. Hanya mai sauƙi ita ce a fid da Bolinder a sa sabon dizal, a huta. A ganina da an yi haka da an ceci akushi an zubar da tuwon. Aka bar shi a mazauninsa, aka bi shi da gyara, da taimakon kamfanin Volvo, wanda tun 1950 ya sayi Bolinder-Munktell, magajin masu ƙirar.

A 1999 aka kunna fitilu bisa kawunan nan huɗu, injin ya tashi, Yavari ya bar gaɓar Puno da ƙarfin kansa, shekara 85 bayan an ɗora masa Bolinder.