Ciwon Marar Da Gwaji Ya Kasa Gani

A ƙasar Kankiya da Kusada, idan mace ta ce mararta na ciwo kuma fitsari ya matsa mata, kafin ta rufe baki an ba ta amsa: sanyi ne. Haka aka ce wa yayata da ke aure a wani ƙauyen Kusada. Ta sha kafso na kemis, ta sha jiƙon masu lasifika a kasuwa, an yi mata allurai. Sai ciwon ya lafa kwana biyu, ya dawo. Da dare ba ta samun barci, tana tsakanin ɗaki da bayi har asuba. Ta daina zuwa biki da suna, don ba ta iya zama a mota.

Wani ma'aikacin lafiya a Kankiya ne ya fara kama bakin zaren. Ya ce ta dakatar da duk maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan a ɗauki fitsarinta a rene shi a ɗakin gwaji kwana 2 zuwa 3, a ga ko wani abu zai tsiro. Babu abin da ya tsiro. Aka maimaita, haka dai. Kafin nan zargi ya riga ya faɗa kan mijinta, aka gwada shi, shi ma lafiya lau. Sai masu raɗa suka koma kan kishiya, wai sammu ne. Wannan ya fi komai yi mini zafi: gida ya kusa rabuwa a kan cutar da ba wanda ya jawo ta.

Abin zargi na biyu tsargiya ce, kuma da dalili. Yayata ta yi wanka da wanki a tafki tun tana yarinya, a irin ruwan da katantanwa mai ɗauke da tsutsar cutar ke rayuwa. Ƙwan tsutsar yana maƙalewa a bangon mafitsara, ya jawo jini a ƙarshen fitsari, idan ya daɗe ba magani ma yana iya kaiwa ga ciwon daji. Ana ɗaukar fitsarin wannan gwaji tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwan ya fi fita. Ba a ga ko ɗaya ba. Aka duba sukari, aka duba tarin fuka, wanda kan sauka ƙoda da mafitsara, aka ɗauki hoton ciki don neman tsakuwa. Duk babu. Ba kuma yoyon fitsari ba ne irin wanda ake yi wa aiki a Babbar Ruga, don tana riƙe fitsarinta, riƙewar ce ma azaba.

Da muka isa wurin likitan mafitsara a Katsina, bai rubuta magani ba. Ya ce, "Hajiya, kwana 3 nake so ki riƙa auna fitsarinki a roba mai maki, a rubuta lokaci da yawansa, da abin da kika ci."

Ta dube ni. "Ƙanena, yanzu fitsari zan zauna aunawa?"

"Yaya, a daure a yi," na ce.

Takardar nan ce ta tona asirin. Lafiyayyar mafitsara tana ɗaukar kimanin mililita 400 zuwa 500, kuma mutum kan zaga bayi kamar sau 8 ko ƙasa da haka a yini. Ita kuwa ta haura sau 20, kowane zuwa ɗan kaɗan. Abin da ya fi jan hankalin likitan shi ne tafiyar ciwon: yana hauhawa yayin da mafitsara ke cika, ya sauka da zarar ta yi fitsari. Ciwon ƙwayar cuta ya fi yin raɗaɗi a lokacin fitar fitsarin. Takardar ta kuma nuna ranakun da abin ya fi tsanani: bayan shayi mai kauri, goro, yaji, zoɓo ko kunun tsamiya, da gab da al'ada, da bayan kwanciyar aure.

Mataki na ƙarshe shi ne leƙa cikin mafitsarar da siririyar na'ura mai kyamara, aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Babu ƙari, babu tabon tsargiya. Likitan ya nemi wasu jajayen gyambuna da Guy Hunner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bayyana a 1915, bai gansu ba, kuma yawancin masu wannan cuta ba su da su. Sai ya faɗi sunanta: intastishiyal sistaitis, ciwon bangon mafitsara wanda ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka tana ƙirga shi idan alamun sun wuce mako 6 kuma an kore sauran dalilai. Masana sun fi zargin cewa shimfiɗar da ke kare bangon ce ke yin rauni, fitsari ya riƙa taɓa jijiyoyi kamar gishiri a kan miki. Ya fi kama mata, amma maza ma suna yi. Ba a ɗaukarsa, ba a kuma ba wa wani.

Ba a warkar da shi gaba ɗaya, lallaɓa shi ake yi, kuma a nan ne aikin aunawa yake. Yayata ta fara da abin da ba ya cin kuɗi: ta bar abincin da takardarta ta nuna, tana mayar da su ɗaya bayan ɗaya don gane na ainihi. Ta koma shan ruwa daidai, domin da ta rage shi saboda tsoron bayi, fitsarin ya yi kauri ya ƙara ƙuna. Tana gasa mara da ruwan ɗumi, tana ɗan ƙara tazara tsakanin zuwa bayi a hankali. Aka ɗora ta a kan amitiriftilin kaɗan da dare, wanda ke kwantar da jijiyoyin zafi ya taimaka wa barci, sai dai yana busar da baki, yana kawo kasala da taurin bayan gida. Akwai Elmiron da Amurka ta amince da shi a 1996, amma yana da tsada, yana ɗaukar watanni kafin a ga amfaninsa, kuma tun 2018 likitocin ido suka gano yana iya lalata gani idan an daɗe ana sha. Akwai zuba magani kai tsaye cikin mafitsara, da ƙona gyambunan Hunner ga mai su. Tiyata ita ce ta can ƙarshe.

Wata maƙwabciya ta kawo mata tiramol da kyakkyawar niyya. A nan na tsaya kai da fata. Ciwon da zai zauna da mutum shekaru ba a bi shi da ƙwayar da jiki ke sabawa da ita, mun ga abin da ita da kodin suka yi wa matasanmu har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Dikilofenak da ibufurofen ma, shan su kullum yana cin ciki da ƙoda.

Da azumi ya gabato, rashin ruwa da rana ya zama sabuwar tambaya. Ta kai ta ga likita, ta kai ta ga malami, suka daidaita a kan ta sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur, ta bar shayi da zoɓo, ranar da ciwon ya tashi kuma ta sha azumin ta rama daga baya.